Baba Soja, Ɗaya Daga Cikin Mazan Jiya

1. Su wane ne mazan jiya?

Yara, a garuruwan ƙasarmu da yawa an yi wasu tsofaffi da ake ce ma mazan jiya. Su ne mutanen da Faransa ta ɗiba soja zamanin mulkin mallaka, ta kai su yaƙi ƙasashe masu nisa. Ran salla ko ran bikin ƙasa sukan fito da tsohon kakinsu da jar hula, ga lambobin yabo rataye a ƙirji. Yau da wuya ku ga wanda ya yi yaƙin duniya na biyu, gama wanda ya shiga soja a 1943 yana ɗan shekara 20 ya wuce shekara 100 yanzu.

Wannan runduna ta baƙar fata ta daɗe. A 1857 aka kafa ta a ƙasar Senegal, lokacin Gwamna Federb. Shi ya sa Turawa ke ce ma kowane sojan cikinta "tirayer na Senegal", ko da Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Babarbare. A yaƙin duniya na ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, an ɗebi wajen mutum 200.000 daga Afirka ta Yamma, wajen 30.000 ba su komo ba. A yaƙi na biyu, daga 1939 zuwa 1945, aka sake ɗibar wasu.

Yau za mu karanta labarin ɗaya daga cikinsu. Mutumin garinmu ne, na san shi ina yaro. Babba da yaro, kowa Baba Soja yake ce masa, mu ma haka za mu kira shi. Ku lura da abin da ya gani wurin yaƙi, ku lura kuma da yadda ya zauna da daji da iyalinsa bayan ya komo.

2. Ɗibar soja

An haife shi a wani ƙauye kudu da Maraɗi, kusa da dajin Baban Rafi. Ubansa manomi ne, kuma maharbi. Tun yana ƙarami yake bin uban cikin daji, yana ɗauke masa gora da kwari. Kafin ya yi gemu ya san sawun kowace dabba.

A wancan zamani kowace shekara ana ɗibar soja. Dokar 1919 ta ce wanda aka ɗauka zai yi shekara 3. Kwamandan yakan aika ma sarki, sarki ya aika ma masu gari, a ce kowane gari ya kawo samari kaza. Likita ya auna su, ya dubi idanu da haƙora. Cikin masu lafiya sai a yi ƙuri'a. Wanda ta faɗa ma ya zama soja ke nan. Mutane ba su son wannan abu. Da an ji labarin ɗiba, samari da yawa sai su tsallaka iyaka su shiga ƙasar Katsina, su zauna can sai ƙura ta lafa.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. A ƙarshen 1942 ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka koma gefen masu yaƙi da Jamus, sai aka ƙara matsa ɗibar soja. Mai gari ya zo gidan su Baba Soja, ya ce su ba da ɗa ɗaya. Wansa aka so a ɗauka, ga shi kuwa da mata da jinjiri. Da dare yaron ya je ya durƙusa gaban ubansa, ya ce:

"Baba, bari in tafi maimakon Yaya. Ni ba ni da mata, ba ni da ɗa."

Uban ya yi shiru, ya daɗe. Can ya ce: "Allah ya kai ka lafiya, ya maido ka lafiya."

Da asuba uwarsa ta ƙulla masa dakakken gero a bakin zane, ta raka shi har bayan gari. Ganinsu na ƙarshe ke nan.

3. Ƙetaren teku

Da ƙafa suka zo Maraɗi. Daga nan kamyo ya kai su Yamai, ya gangara da su ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin yau. A Paraku suka shiga jirgin ƙasa har Kwatano. Nan ya fara ganin teku. Yakan ce ya tsaya yana neman ɗaya gaɓar da ido, bai gan ta ba. Jirgin ruwa ya kai su Afirka ta Arewa, aka koya masu fareti da harbin bindiga. Da yake kowa da harshensa, sai suka riƙa magana da Bambaranci da ɗan guntun Faransanci irin na bariki.

A watan Yuni na 1944 rundunarsu ta yi yaƙi a wani tsibiri na Italiya mai suna Elba. Ran 15 ga Agusta 1944 sojojin ƙawance suka fara sauka a kudancin Faransa, su Baba Soja na biye. Fiye da rabin sojojin Faransa da suka sauka nan daga Afirka suka fito. Kafin watan ya ƙare sun ƙwace manyan biranen bakin teku guda biyu, Tulon da Marsey.

Sanin daji ya amfane shi. Ya iya tafiya ba a ji motsinsa, ya iya gane inda aka taka ciyawa. Don haka shi ake turawa gaba da dare ya dubo hanya. A bakin Tulon harsashi ya sami amininsa, wani saurayi mutumin Tawa, wanda suke cin abinci kwano ɗaya tun daga Yamai. A hannunsa ya cika.

Suka bi Jamusawa arewa, har duwatsun gabashin Faransa. Sanyi ya shigo, irin wanda bai taɓa ji ba ko cikin hunturu mafi tsanani. Ruwa ya daskare, ƙasa ta yi fari fat. Sanyin nan ya ci masa yatsu biyu na ƙafar hagu. A watannin Oktoba da Nuwamba na 1944 shugabannin soja suka janye baƙar fata daga bakin daga. Aka karɓe bindigoginsu da manyan rigunansu, aka ba samarin Faransawa. Aka ce saboda sanyi ne. Sai aka maida su barikokin kudu suna jiran jirgi. Da aka gama yaƙi a watan Mayu na 1945, su da suka sha wuyar farko ba su cikin waɗanda suka shiga ƙasar Jamus.

Suna can suka ji wani mummunan labari. Wasu ƴan uwansu da Jamus ta taɓa kamawa an maido su barikin Caroy, kusa da Dakar. Suka ce a biya su kuɗinsu da suka taru kafin su watse. Ran 1 ga Disamba 1944 aka buɗe masu wuta. Hukumar lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masu binciken tarihi kuwa sun ce sun fi haka nesa. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne aka yi.

4. Komowa gida

Da ya iso Maraɗi bai gane garin ba. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon birnin da ke fadama, aka tada mutane zuwa tudu. Ya tambayi hanya kamar baƙo.

A ƙauye an riga an fid da rai da shi, gama shekaru ba wasiƙa, ba saƙo. Da ya yi sallama ƙofar gida, matar wansa ta leƙo, ta saki tulu ya fashe. Gari ya taru. Amma uwarsa ta rasu da damana biyu. Ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata addu'a, sa'an nan ya yarda ya sha ruwa.

Zamani ya fara sakewa. Ran 11 ga Afrilu 1946 aka yi dokar da ta hana aikin dole, wadda ake kira da sunan Hufwet Bwanyi na ƙasar Kodibuwar. Tsofaffin soja da yawa suka shiga aikin gardi. Wasu suka koma soja, aka kai su yaƙin Indoshin da na Aljeriya. Shi ma an yi masa tayin aikin gardi, ya ƙi. Ya ce ya gaji da bin umurni da ba da umurni. Ya ninke kakinsa ya sa cikin akwatin ƙarfe, ya ɗauki hauya da bakan ubansa.

Yaƙi bai sake shi gaba ɗaya ba. In hadari ya taso aka yi tsawa, sai ka ga ya zabura ya dafa bango. Yakan ba da labarin teku, da jirgi, da ƙanƙara, yara su yi ta dariya. Labarin harbi kam ba ya bayarwa. Wata rana ya iske jikokinsa suna wasan yaƙi da bindigar kara. Wani ya sheƙo ya ce:

"Baba, mutum nawa ka kashe?"

Ya kama hannun yaron ya zaunar da shi, ya ce: "Jikana, kowane ɗaya da ya faɗi can, namu da nasu, yana da uwa da ta raka shi bayan gari. Ku je ku yi langa."

5. Cikin daji

Da rani, in an gama aikin gona, Baba Soja yakan rataya kwari ya shiga daji, wani lokaci ya kwana biyu ko uku. Yaran gari duk sun san sawunsa, saboda ƙafar hagu mai yatsu uku. In sun gan shi bisa rairayi sai su ce: "Baba ya yi gabas."

A lokacin dajin Baban Rafi cike yake. Akwai barewa da gada, akwai zomo da zabin daji da fakara, akwai dila da kura. Har giwaye kan shigo daga Najeriya. Yakan koya ma samari yadda ake karanta daji. Ka dubi bakin sawu: in yana da kaifi, dabbar ba ta yi nisa ba, in iska ta share shi, ta daɗe da wucewa. Ka ɗebi ƙura ka sake ta, ka ga inda iska ta nufa, sa'an nan ka biyo dabba ta inda ba za ta ji warinka ba. In ka ga tsuntsaye na bin hanya ɗaya da marece, akwai ruwa can. In shamuwa ta sauka bisa itacen gari, damana ta kusa, a gyara iri.

Yana da dokoki, kuma wanda ya karya su ba ya sake bin sa. Ba a harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa. Ba a farauta da damana, lokacin da dabbobi ke haihuwa, tsuntsaye na kwance bisa ƙwai. Ba a kwashe ƙwan zabo duka. Ba a sa ma daji wuta don a kori zomo, gama wutar da ta fid da zomo ɗaya tana cinye abincin garke ɗari. In ya sami barewa guda, ya juyo gida ke nan, ko da ya ga goma a hanya. Wani saurayi ya taɓa ce masa:

"Baba, ga nama Allah ya kawo, don me za mu bar shi?"

Ya ce: "Yaro, na ga inda aka kashe rai ba don ci ba. Abin da tukunya za ta ɗauka ya ishe mu. Sauran na baɗi ne."

Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Mutane suka yi yawa, gonaki suka ci daji, aka shigo da bindigogi da motoci, ga fari. Namun daji suka ragu ƙwarai. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta hana farauta, sai Baba Soja ya rataye bakansa. A 1998 aka yi dokar da ta tsara farauta da kiyaye namun daji. Akwai kuma wuraren da aka keɓe ma dabbobi, kamar gandun Gadabeji, wanda aka kafa a 1955. A 2018 an kai raƙuman dawa 8 can daga wajen Kure.

Ya bar harbi, amma bai bar daji ba. Ya koma kan itatuwa. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ba kututture ko ɗaya. Shi kuwa in yana sassabe ya iske gawo ko kalgo ya tofo, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya sare sauran. Maƙwabta suka riƙa cewa tsufa ya sa shi ƙyuya. Yakan nuna masu gawo ya ce su duba. Da damana gawo yana zub da ganye, ba ya tare ma hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, dabbobi su sha inuwa, su ci ƴaƴansa, su bar kashi a gona. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili. Tsofaffi na cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo a ƙasarsa tun kafin zuwan Turawa.

Daga 1983 wani ma'aikacin noma ɗan ƙasar Ostiraliya, Tony Rinaudo, tare da manoman jihar Maraɗi, suka fara yaɗa irin wannan dabara. Ita ce ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta maido da itace wajen miliyan 200 bisa eka ta hekta miliyan 5 a ƙasarmu. Waɗanda suka yi ma Baba Soja dariya suka komo suna tambayarsa wane reshe ake bari.

6. Cikin gida

Bayan komowarsa ya yi aure. Shi da matarsa, wadda muke ce ma Inna, sun yi fiye da shekara 50 tare. Ba a taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. In ta yi rashin lafiya shi ke zuwa rijiya, ko da maza na yi masa ba'a. Da wansa ya rasu, ya kwaso marayun ya haɗa da nasa. Baƙo ba ya iya gane wane ne ɗan ciki, wane ne ɗan wa, gama kwano ɗaya suke ci, ran salla kuma yadi ɗaya ake yanka masu.

Ba ya dukan yara. Wanda ya yi laifi, sai ya tashe shi da asuba su tafi gona tare, su yi ta aiki ba magana. In rana ta take su zauna gindin gawo, ya miƙa masa fura, sa'an nan ya tambaye shi abin da ya sa. Ƴaƴansa sun ce sun fi tsoron wannan zama da bulala.

Akwai abu ɗaya da ya dame shi. Yana da littafinsa na soja, wanda aka rubuta dukan aikinsa a ciki, amma bai iya karanta shi ba. Duk ran da zai bi hakkinsa sai ya biya wani ya rubuta masa takarda, ya dangwala yatsa bisa abin da bai sani ba. Saboda haka, lokacin da mutane ke ɓoye yara cikin rumbu don kada a kai su lakwal, shi da kansa ya kama hannun ɗiyarsa ya kai ma mushe. Mutane suka ce: "Mace da lakwal?" Ya ce: "Ita za ta karanta mani littafina." Haka kuwa aka yi. Ran da ta iya, ya zaunar da ita bisa tabarma, ta karanta masa shafi shafi tana juya masa da Hausa. Da ya ji an buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder a 1973, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci, ya ce da ma a zamaninsa aka yi.

A yunwar 1984, wadda mutane ke kira El Buhari, gidaje da yawa sun watse, maza suka tafi cin rani ba su komo da wuri ba. Baba Soja ya ce ba mai fita. Ya auna abin da ya rage a rumbu, ya raba shi kwana kwana. Ya shiga da matan gida da yara cikin daji, ya nuna masu abin da ake ci: ganyen jiga da yaɗiya, ƴaƴan aduwa da magarya da goruba. Ya nuna masu anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinta ya fita. Da dare shi ke cin abinci daga ƙarshe. Gidan nan ba a rasa rai ko ɗaya ba, har maƙwabta suka samu.

7. Fansho da rasuwa

Ƙasarmu ta zama jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, ta sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960. Ana cikin haka, a watan Disamba na 1959, Faransa ta yi doka ta tsaida fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da suka sami ƴanci. Na Bafaranshe yana ƙaruwa kowace shekara, na ɗan Afirka yana nan inda yake. Da tafiya ta yi nisa, mutum biyu da suka kwanta rami ɗaya a Tulon, ɗaya na karɓar ninkin na ɗaya sau da yawa.

Tsofaffin soja ba su yi shiru ba. Wani ɗan Senegal mai suna Amadu Jop ya kai ƙara, a 2001 babbar kotun Faransa ta ce yana da gaskiya, amma hukuncin ya iske ya rasu. A 2007 aka daidaita wani sashe na kuɗin, a 2011 aka daidaita sauran.

Baba Soja bai ga wannan gyara ba. Ɗan abin da yake karɓowa Maraɗi, kafin ya iso gida ya zama hatsi da gishiri da sabulu da littattafan jikoki. In an ce masa an cuce shi, yakan ce: "Na sani. Ku yi karatu ku bi mani." Ya rasu da kaka, bayan an shigar da hatsi, ƴaƴa da jikoki na kewaye da shi. Mutanen garuruwa bakwai suka zo jana'iza, har da maharba da makiyayan da suka saba shan inuwa a gonarsa.

Da aka buɗe akwatin ƙarfen, aka iske kakin, da jar hular, da lambobi biyu, da littafin soja naɗe cikin tsumma. Ɗiyarsa ce ke ajiye da su. Gonar tana hannun jikokinsa, gawon da ya bari sun fi arba'in.

Ma'anar kalmomi

Mazan jiya: tsofaffin da suka yi yaƙi a da.
Mulkin mallaka: mulkin da wata ƙasa ke yi ma wata da ƙarfi.
Bakin daga: wurin da ake gwabza yaƙi.
Sojojin ƙawance: sojojin ƙasashen da suka haɗa kai suka yaƙi Jamus.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Kwari: abin da maharbi ke zuba kibau a ciki.
Sassabe: share gona kafin shuka.
Fansho: kuɗin da ake ba mutum bayan ya bar aiki.

Tambayoyi

1. Don me ake ce ma sojan Nijar "tirayer na Senegal"?
2. Yaya ake ɗibar soja a zamanin mulkin mallaka?
3. Me ya sa Baba Soja ya tafi maimakon wansa?
4. Me ya faru a Caroy ran 1 ga Disamba 1944?
5. Ku kawo dokoki uku na farautar Baba Soja, ku faɗi amfanin kowace.
6. Don me hatsin gindin gawo ya fi na fili?
7. Me ya sa ya kai ɗiyarsa lakwal?
8. A ganinku, don me ya ƙi amsa tambayar jikansa?

Nahawu

a) Ku ba da jam'in waɗannan kalmomi: soja, maharbi, barewa, gona, rumbu, jika.
b) Ku nemo cikin kashi na 5 kalmomi biyar masu ƙ, biyar masu ɗ, biyu masu ɓ, ɗaya mai ƴ.
c) Hausa ta aro waɗannan kalmomi daga Faransanci: lakwal, mushe, kamyo, gardi, kwamandan. Ku rubuta kowace yadda take da Faransanci, ku ƙaro uku da kuke ji a gida ko a kasuwa.

Shifta

Da damana gawo yana zub da ganye. Da rani yana yin kore. Dabbobi na shan inuwarsa, suna cin ƴaƴansa. Manomi mai hankali ba ya saran gawo.

Lissafi

1. Shekara nawa ke tsakanin 1857 da 1960?
2. An tsaida fansho a 1959, aka gama daidaita shi a 2011. Shekara nawa tsofaffin soja suka jira?
3. Manomi yana da gona 3. A kowace gona yana barin itace 14 kowace shekara. Itace nawa zai samu cikin shekara 5?

Taswira

Ku nemo waɗannan wurare bisa taswira, ku ja layi daga ɗaya zuwa ɗaya: Maraɗi, Yamai, Paraku, Kwatano, Elba, Tulon. Ku nuna kuma inda Dakar take.

Aikin bincike

Ku kasu ƙungiya ƙungiya, mutum huɗu huɗu. Kowace ƙungiya ta tambayi mai gari ko mai unguwa in an taɓa yin tsohon soja a garinku. In ya rasu, ku je wurin matarsa, ko ƴaƴansa, ko jikokinsa. Ku yi sallama, ku durƙusa ku gaida su, ku faɗi abin da ya kawo ku. Ku tambayi shekarar da aka ɗauke shi, da ƙasashen da ya je, da sana'ar da ya yi bayan ya komo. In sun nuna maku littafinsa na soja, ku wanke hannu kafin ku taɓa, ku kwafi shekarun da sunayen garuruwan, ku maida masu abinsu nan take. In akwai abin da ba su son faɗi, kada ku matsa. Ku rubuta abin da kuka samo da Hausa, shafi ɗaya, ku kawo ran Litinin. Za mu ɗinke takardun wuri ɗaya su zama littafin ajinmu.